Abin da Ke Bugawa a Cikin Agogo Mai Wani

Agogon da na fara karawa a kunnena na mahaifina ne, Seiko 5 da ya zo da shi tsarabar Makka. Idan ya tashi alwala sai ya kwance shi ya ajiye a bakin tabarma, ni kuma in lallaɓa in ɗauka in saurara. Ƙas-ƙas-ƙas, da sauri da sauri, kamar zuciyar ɗan tsako a tafin hannu. Babu batir a cikinsa, kuma ban taɓa ganin Baba ya yi masa wani ba. In ya kwana biyu a ajiye ya tsaya, sai ya ɗan karkaɗa shi, shi ke nan ya ci gaba da tafiya. Da na tambayi yayyena, sai suka ce da jinin mutum yake aiki. Har yau akwai manya da suka yarda da wannan magana, kuma ban ga laifinsu ba, domin abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan gwangwani bai gaza hakan ban mamaki ba.

Agogo mai wani aiki uku yake yi: ya tara ƙarfi, ya kai shi inda ake bukata, sannan ya sake shi da awo. Biyun farko ba su da wuyar fahimta. Ƙarfin yana cikin wani siririn sifirin, mai kama da zaren kaset amma na ƙarfe, wanda aka naɗe a cikin wata 'yar ganga mai haƙora a gefenta. Idan ka murɗa ɗan kunnen da ke gefen agogo, wannan sifirin kake matsewa. Shi kuma burinsa ya warware, to a ƙoƙarin warwarewar ne yake juya gangar. A yawancin agogo, matsa guda takan kai awa 40 ko sama da haka kaɗan.

Daga gangar sai jerin fayafai masu haƙora, wannan na cizon wancan, kowane na gaba ya fi na baya gudu. A tsarin da aka gada, faifan tsakiya yana kammala zagaye guda a awa ɗaya, shi ya sa aka ɗaura masa dogon hannu mai nuna minti. Na huɗu a jerin yana zagayawa sau ɗaya a minti, shi ke ɗauke da hannun sakan. Gajeren hannu kuwa, ƙarƙashin fuskar agogo akwai wasu ƙananan fayafai da ke rage masa gudu sau 12. Lissafin haƙora ne zalla, duk wanda ya taɓa duba sarkar keke da faifanta ya riga ya gane shi.

Da a nan aka tsaya, da sifirin zai warware gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, hannuwa su yi ta wulwulawa kamar fanka, sannan komai ya mutu. Irin abin da motar wasan yara mai wani take yi ke nan. Hikimar agogo duk tana wurin hana wannan gudu, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

A ƙarshen jerin akwai wani faifai mai haƙora kamar ƙafar fara, sau da yawa guda 15. A kansa akwai wata 'yar ƙugiya mai baki biyu, kowane baki da ɗan jan dutse. Ƙugiyar tana karkata dama da hagu. In ta karkata nan, baki ɗaya ya tare haƙori, in ta karkata can, ta saki wannan haƙori, ɗaya bakin ya tare wani. Kamar mai ban ruwa a lambu ne, da ke buɗe bakin kwami ya bar ruwa kaɗan ya shiga ya toshe, ya buɗe na gaba. To wa ke gaya wa ƙugiyar lokacin da za ta buɗe? Wani zobe ne da ke lilo a kan tsinke, ya juya dama ya dawo hagu, a tsakiyarsa kuma akwai wani sifirin da ya fi silin gashi sirantaka, naɗe kamar gammo. In zoben ya juya gefe guda, gashin ya matse ya dawo da shi. Ya wuce tsakiya ya tafi ɗaya gefen, gashin ya buɗe ya sake jawo shi. Duk lokacin da ya gifta ta tsakiya, wani ɗan dutse da ke jikinsa yakan taɓa wutsiyar ƙugiya, ta saki haƙori.

Abin da ya fi burge ni shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ke tsakaninsu. Lilo kowane iri ne, in ba a tura shi ba zai mutu. Saboda haka haƙorin da aka saki ba ya wucewa haka kawai: yana zamewa a kan gangaren jan dutsen nan, ya ture ƙugiya, ƙugiya kuma ta ɗan ingiza zoben. Daidai da yadda yaya ke tsayawa bayan ƙaninsa a kan lilo yana ba shi 'yar tura duk sanda ya dawo. Zobe yana ba fayafai lokaci, fayafai suna ba zobe ƙarfi. Ƙarar da kake ji a kunne karon waɗannan duwatsu ne da haƙoran ƙarfe. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, shi ya ƙirƙiro wannan ƙugiya wajen 1755, kuma har yau kusan duk agogon hannu mai wani da ke duniya, mai araha da mai tsada, da jikanyarta yake aiki.

Shi kuwa gashin ya girme ta. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1675, ko da yake Robert Hooke na Ingila ya yi ta jayayya cewa shi ya riga shi. Sirrinsa shi ne, ko zoben ya yi lilo mai faɗi ko ɗan ƙarami, lokacin da yake ɗauka kusan ɗaya ne. Wannan ne ya sa agogon da aka cika wa wani da safe da wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa da dare suke tafiya kusan daidai. Kafin gashin, agogon aljihu yakan yi kuskuren mintuna masu yawa a yini, har ma yawancinsu hannu ɗaya gare su, na awa, don ba a ga amfanin nuna mintin da ba za a gaskata ba. Idan ka taɓa ganin mai gyara ya buɗe bayan agogo ya ɗan gusa wani tsinke zuwa alamar tarawa ko ta ɗebewa, tsawon gashin yake ragewa ko ƙarawa. Gajeren gashi, saurin lilo. Dogon gashi, nawa.

Bari mu sa lissafi a ciki don a ga girman aikin. Seiko 5 irin na Baba yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a sakan guda. A yini, 518,400. A shekara, ya haura miliyan 189. Yawancin na Suwizalan na zamani sau 28,800 suke yi a awa, 8 a sakan. Shi ya sa hannun sakan na agogo mai wani yake kamar yana sulalewa, alhali ƙananan taku yake yi da ido ba ya iya rabewa sosai, sabanin mai batir da ke tsalle ɗaya-ɗaya. Yini kuma sakan 86,400 ne. In lilon ya kauce da kashi ɗaya cikin dubu goma kacal, agogo zai yi kuskuren kusan sakan 9 a yini. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke ba agogo shaidar ƙwarewa, ba ta yarda da wanda ya yi latti fiye da sakan 4 ko ya yi gaba fiye da sakan 6 a yini ba, bayan ta gwada shi kwana 15, a kwanciya iri 5 da yanayin zafi iri 3: digiri 8, 23 da 38. Duk wannan da ƙarfe da sifirin kawai, babu wuta babu kwamfuta.

Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna maka maƙiyan agogo. Na farko zafi. Ƙarfe in ya ji zafi yakan saki jiki, gashin ya yi laushi, agogo ya riƙa latti. In sanyi ya kama, ya riƙa gudu. Wanda ya san rana ta watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, wadda ke wuce 38 ɗin nan da COSC ta tsaya a kai, ya kuma san asubahin hunturu, ya san tazarar da ake magana. An daɗe ana fama da wannan da dabarar haɗa ƙarfe biyu a zobe guda, har sai da Charles-Édouard Guillaume, ɗan Suwizalan da ke aiki a ofishin awo na duniya kusa da Paris, ya gano gaurayen ƙarfe da nikel da zafi ba ya canza su sosai, Invar da Elinvar. A kan wannan aka ba shi lambar Nobel ta kimiyyar fizis a 1920. Gashin yawancin agogon yau daga zuriyar wannan bincike yake.

Na biyu nauyi, wato jan da ƙasa ke yi wa komai. Agogon da ke kwance a bayansa da wanda ke tsaye a gefensa ba sa tafiya daidai, domin zoben ba ya rasa ɓangaren da ya ɗara wani nauyi ko da ƙanƙani ne, kuma gogayyar tsinkensa tana canzawa. Abraham-Louis Breguet ya yi wa matsalar wata dabara da ya yi wa rajista a 1801, ana kiran ta tourbillon: ya sa zobe da ƙugiya da faifansu duka a cikin ɗan keji mai juyawa, yawanci sau ɗaya a minti, don kuskuren kowane gefe ya share na ɗan'uwansa. A ganina wannan ta yi ma'ana a agogon aljihu, mai wuni a tsaye cikin riga. A hannu kuwa, da ke juyawa ko'ina daga safe zuwa dare, amfaninta kaɗan ne, ana sayen ta ne da tsada don kallon gwanintar maƙeri, kuma lallai abin kallo ce. Mai ƙaramin agogo yana da tasa dabarar kyauta: in agogonka yana gudu da rana, gwada kwantar da shi a gefe da dare maimakon a bayansa, ka lura kwana biyu-uku, sau da yawa za ka sami kwanciyar da ke rage abin da ya ƙara.

Na uku maganaɗisu, kuma shi ne ya fi damun mutane a yau ba tare da sun sani ba. Lasifikar rediyo, murfin waya mai mannewa, maɓallin jakar mata, duk suna da shi. In ya kama gashin, sai zagayensa su manne da juna, ya zama kamar an gajarta shi, agogo ya riƙa yin gaba da mintuna a yini. Mutum ya ɗauka agogonsa ya lalace, alhali akwai 'yar na'ura da ke cire wannan cikin ƙiftawa da bismilla. Manyan kamfanoni yanzu suna yin gashin da silikon, wanda maganaɗisu ba ya kamawa.

Na huɗu gogayya, kuma a nan ne maganar duwatsun nan take. Za ka ga an rubuta a fuskar agogo cewa yana da duwatsu 17 ko 21. Yakutu ne, amma na haɗi. Tun 1704 Nicolas Fatio de Duillier da abokan aikinsa suka yi rajistar huda dutse mai daraja a Landan don tsinken faifai ya riƙa juyawa a ciki, domin dutsen yana da tauri da santsi, ba ya cinyewa kamar tagulla. A 1902 Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana hanyar ƙera yakutu da wuta, daga nan ya zama abu mai araha. Don haka zargin da ake yi wa masu gyara cewa suna sace duwatsun agogo ba shi da tushe. Ba su da wata daraja a kasuwa, kuma in aka cire ɗaya agogon ba zai tafi ba. Guda 17 sun wadatar da agogo mai wanin hannu. Yawancin duwatsun suna da ɗan rami da ke riƙe ɗigon mai wanda bai kai kan allura ba, kuma man iri-iri ne, na wurin gudu daban, na wurin nauyi daban.

Wannan man shi ne raunin agogo a ƙasarmu. Yana bushewa da shekaru, ƙurar hunturu kuma ba ta da shamaki. In robar da ke toshe murfi ta tsufa, sai ta shiga ta gauraya da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin tsinken a hankali. Tsinken zoben nan kuwa bakinsa kaurin gashin kai ne, shi ya sa a da faɗuwa ɗaya ke karya shi, kafin a fito da 'yan sifirin masu riƙe dutsen su ba shi damar motsawa, irin Incabloc na 1934. Agogon Baba bai mutu da faɗuwa ba. Da ya fara latti bayan rasuwarsa, na kai shi wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, ya buɗe ya ɗiga masa man keken ɗinki ya rufe. Mako guda ya yi yana gudu kamar an kore shi, domin man ya malale ya manne gashin, daga nan ya tsaya cik. Na ajiye shi a akwati shekaru, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Saura maganar jini. A bayan agogo otomatik akwai wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin wata, da ke juyawa sakaka a kan tsinke. Duk sanda ka ɗaga hannu, ka yi musabaha, ka kai loma baki, nauyin yakan gangara ƙasa, gangarawar kuma ta matse babban sifirin. John Harwood na Ingila ya fara sa irin wannan a agogon hannu a 1923, Rolex ta fito da mai cikakken zagaye a 1931. An kuma yi wutsiyar sifirin ta yadda in ya cika zai riƙa zamewa a jikin ganga, kada ya tsinke. Ashe yayyena ba su yi nisa da gaskiya ba sosai: motsin mai shi ne abincinsa, kuma in mai shi ya kwanta ya daina motsi, kwana biyu agogon zai bi shi.

Me ya sa mutane suka ƙarar da rayuwarsu a kan sakan biyar? Asalin abin teku ne. Duniya tana juya digiri ɗaya a minti 4, don haka matuƙin jirgin ruwa da ya san lokacin garinsu daidai, ya kuma auna tsakar ranar inda yake, ya san nisansa gabas ko yamma. Kuskuren minti 4 a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu ya kai kilomita 111, ya isa ya kai jirgi kan dutse. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware wannan matsala, wani kafinta da ya koya wa kansa aikin, John Harrison, ya shafe shekaru sama da talatin a kai, har agogonsa na huɗu ya je Jamaika a tafiyar da aka fara a 1761 da kuskuren kusan sakan 5. Komawar agogo daga aljihu zuwa hannun maza kuwa, Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tabbatar da ita, don soja a rami ba shi da sukunin laluben aljihu.

Sai ranar 25 ga Disamba 1969, Seiko ta fitar da agogon Astron a Tokyo a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Batir ne ke kaɗa ɗan dutsen kwatz a cikinsa. Na yau suna kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuma kuskuren da mai wani ke yi a yini biyu ko uku, su sai su yi wata ba su wuce shi ba. Farashinsu ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A kamfanin Zenith da ke Le Locle, masu shi na lokacin suka ba da umarnin a watsar da kayan ƙera injin El Primero, mai bugu 36,000 a awa. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya roƙa aka ƙi, sai ya riƙa kwashe kayan aikin da zane-zanen a ɓoye yana jerawa a saman ginin. Bayan kusan shekara goma da aka dawo neman injin, sai ga komai a ajiye, har Rolex ta riƙa sa shi a agogonta Daytona daga 1988. Ina son labarin nan saboda ya nuna inda sana'ar take zaune: a kan mutum ɗaya da ya san aikin ya ƙi yarda ya ɓata.

Ba zan ce maka mai wani ya fi mai batir faɗin lokaci ba. Casio na ɗan makaranta ya fi shi, wayar da ke aljihunka ta fi su duka. Abin da yake da shi daban ne. Babu wani abu a cikinsa da ido da tabarau ba za su gani ba, babu wanda hankali ba zai bi daga sifirin har hannun sakan ya gane dalilinsa ba, kuma kusan babu abin da ƙwararre ba zai wanke ko ya sauya ko ya ƙera sabo ba. In allon lantarkin mai batir ya ƙone kuma an daina yin irinsa, magana ta ƙare. Agogon da aka yi kafin a haifi kakanka yana iya tashi gobe. Kuma kada tsada ta ruɗe ka. A 2019 an sayar da wani agogon Patek Philippe a gwanjon sadaka a kan faran miliyan 31 na Suwizalan. Abin da aka saya a nan shi ne ƙarancinsa, da sunan, da aikin hannu na goge kowane lungu, da ƙarin dabaru irin kalandar da ta san shekara mai kwana 366 da ƙararrawa mai buga lokaci. Amma zobe da gashi da ƙugiya, tsarinsu ɗaya ne da na Seiko 5 ko Orient da alhazai ke zuwa da su. Wanda ya fahimci ƙaramin ya fahimci babban.

Abin da ke damuna shi ne masu gyaran. A 2020 UNESCO ta sa sana'ar ƙera agogo ta yankin tsaunukan Jura, tsakanin Suwizalan da Faransa, cikin gadon ɗan Adam da ya kamata a kiyaye, suna da makarantu suna yaye matasa. Mu kuwa, masu akwatin gilashin nan na bakin kasuwa yawancinsu sun koma sauya batir da madauri, don abin da ke kawo na cefane ke nan, tsofaffin da suka iya warware inji gaba ɗaya kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba magaji.

Bara aka kwatanta mini wani dattijo a cikin gari, na ɗauki agogon Baba na kai masa. Ya maƙala tabarau a ido ɗaya, ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wa ya yi masa wanka da mai haka?"

Na ce, "Baba, tsautsayi ne. Zai tashi kuwa?"

Ya ce, "Gashinsa bai lanƙwashe ba. Ka ba ni mako guda, kada ka zo kana yi mini gaggawa."

Ya warware shi ɗaya-ɗaya a kan farin ƙyalle, ya wanke, ya sauya robar murfi, ya mayar da kowane ɗigon mai da bakin tsinke. Yanzu yana hannuna. Yana yin gaba da kusan sakan 20 a yini, in na kwantar da shi a gefe da dare ya rage kaɗan. Duk ranar Juma'a kafin in fita masallaci nake mayar da shi baya da minti biyu.